Kada Ka Karanta a Zaure

Landan, Ingila
9 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ka da mutanen gidanka, da fatan kuna lafiya, kai da kakata Inna Luba. Mu ma lafiya lau muke, sai dai Zailani ɗan Yaya Karimatu yana fitar da haƙori, yana ɗan rigima.

Na san a zauren Mai unguwa Maje za ka buɗe wannan takarda ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kamar yadda kake buɗe ta kowa, Inna kuma za ta zauna a bakin ƙofar ciki tana ji. Saboda haka ina gaida duk wanda yake zaune. A yafe mini in rubutuna bai yi kyau ba, a aji bakwai na tsaya.

Yau kwananmu ashirin da uku da sauka. Jirgi bai ba ni tsoro sosai ba. Gidan da muke ciki flat ake ce masa. Yana hawa na takwas a wani dogon bene, kusa da wani babban titi mai suna Old Kent Road. Ba a hawa da ƙafa, akwai wani akwati mai ɗaukar mutane, sunansa lif. A ɗakin girki famfo biyu ne, ɗaya na ruwan sanyi, ɗaya na zafi. A gaya wa Inna kaina ya huta da tulu.

Baban Zailani da sassafe yake fita wajen kwas ɗin da gwamnati ta turo shi. Yaya Karimatu ma ta shiga makarantar koyon buga tafireta, sai la'asar take dawowa. Ni da Zailani muke wuni. Ina goya shi in tsaya a taga ina ƙirga jajayen bas masu bene. Jiya na ƙirga arba'in da ɗaya kafin ya yi barci.

Masu kula da benen nan ana ce musu council, wato majalisar wannan yanki. Su suke gyara lif, su suke kwashe shara. In suna da magana sai su zuro takarda ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa. Ba a sallama, sai dai ka ji takarda ta faɗo. Ina tara su ina koyon Turanci da su.

Kawu, ka ba ni labarin unguwa. Kwamiti ya gama maganar kwalbatin bakin marina? Akuyata ta haihu? Baban Zailani ya ce kwas ɗin na wata goma sha takwas ne, in Allah ya yarda Babbar Sallar baɗi a gida zan yi ta. A tuna wa Inna wannan alkawari.

Ni ce 'yarka,
Hansai

*

Unguwar Marina, Kafin Tsamiya
12 ga Yuni, 1976

Zuwa ga 'yata Hansai,

Amin wa alaikumus salam. Gaisuwa da sa albarka daga gare ni da dukan jama'ar unguwa. Kowa lafiya. Inna Luba ma lafiya, sai ciwon gwiwar da ta saba, da kuma yana da ta fara taruwa mata a idon hagu.

Wasiƙarki ta iso ran Laraba a jakar kwamiti, na ajiye ban taɓa ta ba sai Juma'a. Kin san ƙa'idarmu tun zamanin mahaifin Mai unguwa: a gaban jama'a ake yage ambulan, ido da baki su tafi tare, kada wani ya ce magatakarda ya haɗiye rabin magana. Ran nan zaure bai ɗauke mu ba, har a waje an tsaya. Kan sarkin kaɗai sai da ya zaga hannun kowa kafin a bar ni in fara.

Da na zo kan famfon ruwan zafi, Hambali tela ya ce wannan ba ta taɓa yiwuwa, yarinya ce ta ga buta a bango ta ruɗe. Wasu suka ce ai an gani a Kaduna. Aka yi ta musu har sai da Mai unguwa ya buga sandarsa a ƙasa.

Labarin unguwa kuwa ga shi. An yi aikin gayya Asabar biyu a jere, an haƙa lambatu tun daga marina har bakin masallaci, amma kwalbati tana nan jiran siminti. An ce simintin yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jirgin ma layi yake bi. Sannan gwamnati za ta buɗe makaranta kyauta ga kowane yaro a watan Satumba, ta ce mu ba da fili, kwamiti ya ba da na bayan tsohuwar kasuwa. Ana kuma raɗe-raɗin za a yi sababbin ƙananan hukumomi, har da zaɓen kansiloli. Ba a tabbatar ba tukuna, amma Hambali ya riga ya ɗinka wa kansa sabuwar riga.

Akuyarki ta haifi biyu, duk mata.

Inna ta ce in gaya miki haka, ba ƙari ba ragi: raguwa, kin samu garin da ba a ɗaukar tulu, sai ki yi ta ƙiba. Ta ce alkawari kuma yana nan, ta ƙulle shi a bakin zane.

Mai unguwa ya ce ki riƙa rubuto mana yadda council ɗin nan naku suke aiki, dalla-dalla, ko ma ƙaru da wani abu.

Kawunki,
Nata'ala, Magatakardan Kwamitin Unguwa

*

Landan
15 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mai unguwa da duk mutanen zaure. Yaya gwiwar Inna da idonta? Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya. Haƙoran Zailani huɗu yanzu, ya fara cizo.

A nan zafi ake yi, ruwan sama ya ɗauke tuntuni. Ciyawar filin da ke ƙasan benenmu ta bushe ta yi ja kamar ta gida da bazara. 'Yan council sun turo takarda cewa kada a ɓarnatar da ruwa, a yi wanka da kaɗan, ruwan wanki kuma a zuba shi a bayi. Wannan ni ba sai an koya mini ba.

Ga abin da Mai unguwa ya tambaya, iyakar abin da na gani. Kowane flat da lambarsa a jikin ƙofa, tamu 84. Shara kuwa akwai wani rami a bango a kowane hawa, in ka zuba sai ta gangara can ƙasa cikin wani ƙaton duro. Duk ran Talata mota take zuwa ta kwashe, ba ta taɓa fashi ba.

Mazauna benen suna da nasu kwamitin. Suna taro ran Alhamis ta farkon wata a wani ɗaki a ƙasa. Maza da mata duk a kan kujera suke zama. Akwai mai rubutu kamar kai, Kawu, amma ita tsohuwa ce mai tabarau. In za su yanke magana sai kowa ya ɗaga hannu a ƙirga, inda hannu ya fi yawa shi ke nan. Ta gilashin ƙofa na gani, lokacin da nake zagayawa da Zailani. Bayan kwana biyu sai su manna abin da aka yanke a jikin wani allo kusa da lif.

Mutanen nan ba su da hayaniya. Kowa ƙofarsa a rufe, ba gulma, ba faɗan maƙwabta. Mutumin da ke lamba 85 na san tarinsa, na san lokacin da yake kunna rediyo, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Azumi ya matso. An ce a nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, amma za mu iya. Ina cikin jin daɗi, kada Inna ta damu. A gaida Hadizatu ƙawata in ta leƙo.

'Yarka,
Hansai

*

Unguwar Marina, Kafin Tsamiya
20 ga Maris, 1977

Zuwa ga 'yata Hansai,

Bayan gaisuwa da addu'ar alheri, muna lafiya, muna fatan ku ma haka. Idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama ma yanar ta fara taɓa shi, amma tana harkokinta.

Ki yi haƙuri da dogon shirun da na yi. Wasiƙunki uku da suka biyo baya duk sun iso, duk an karanta. Hidimar zaɓe ce ta ɗauke ni, daga ita kuma sai rajistar yaran makaranta. Hambali ya tsaya kansila bai samu ba. Rigar dai yana sa ta ran Juma'a.

Albishirinki. Maganganunki sun yi aiki a unguwar nan. Yanzu kowane gida da lambarsa da baƙin fenti, gidan Inna 17 ne. Ran Talata kuma masu jakuna suna bin gida gida suna kwashe shara su kai gona, har ana ce wa ranar Talatar Hansai. Mutanen Unguwar Makera sun aiko a koya musu. Ɗaga hannu ne kaɗai bai karɓu ba. An gwada sau ɗaya a kan inda za a kafa famfo, da Mai unguwa ya ga hannuwa sun fi yawa a wancan ɓangaren sai ya ce wannan abu sai dai a Ingila.

Yanzu ga babbar magana. Maharazu, baban Zailani, ya rubuto. Ya ce in ya gama kwas gwamnati tana so ya zauna ya yi mata aiki a can shekara biyu, Karimatu kuma tana da juna biyu. Yana roƙon a bar masa ke har su dawo tare. Da na karanta a zaure kowa ya yi murna, ana cewa wakiliyarmu ta Landan ta samu ƙarin wa'adi.

Inna ce kaɗai ta ce a tambayi yarinya. Na ce ai amsarta tana cikin wasiƙunta, kowacce da "ina cikin jin daɗi" take ƙarewa. Amma ta nace, kin san halinta. To ga shi na tambaye ki. Ki ba da amsa da wuri don in rubuta wa Maharazu.

Kawunki,
Nata'ala

*

Landan
10 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Muna lafiya, Yaya ce dai take fama da laulayi.

Na ga saƙo. Ni yarinya ce, ba ni da ta cewa. Duk abin da manya suka yanke shi ne daidai. Yaya Karimatu tana kyautata mini, ko tsawa ba ta taɓa yi mini ba.

Labarin council, sun shafa wa ƙofofinmu shuɗin fenti. An manna a allo cewa za a yi biki a watan Yuni, na cikar Sarauniyarsu shekara ashirin da biyar a kan mulki.

Kawu, idon Inna na dama, daga ina take gane mutum? In na tsaya a bakin zaure tana tsakar gida, za ta gane ni?

'Yarka,
Hansai

*

Unguwar Marina, Kafin Tsamiya
14 ga Mayu, 1977

Zuwa ga 'yata Hansai,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. An yi ruwan farko daren Litinin, an fara shuka. Siminti ya iso bayan shekara guda, an gama kwalbati, jakin farko da ya hau ta sai da aka yi masa tafi.

Madalla da 'yar albarka. Zaure ya yaba da amsarki, Mai unguwa ya ce haka ake son ɗa. A ranar na rubuta wa Maharazu takardar amincewa. Sai dai ba ta tafi ba, don Inna ta karɓe ta wai za ta shafa ta ji, ta cusa a cikin zane ta hana ni.

Washegari ta sa na je ɗakinta na sake karanta mata wasiƙunki tun daga ta fari. Da na gama sai ta ce, "Na ji famfo, na ji shara, na ji mota mai bene. Ban ji inda wani mahaluki ya ce mata sannu ba." Na ce Inna, ai ba komai ake sa wa a takarda ba. Rigimar tsufa ce kawai, kada ki sa a ranki.

Mai unguwa ya yi mata wa'adi. Wasiƙarki ta gaba in ta zo babu wata sabuwar magana, za ta ba da takardar a aika.

Tambayarki kan ido: daga bakin zaure ba za ta gane ki ba sai kin yi magana. In kin matso kamar taku uku tana ganin fuska. Malamin asibiti ya ce a hankali shi ma zai rufe, bai san yaushe ba.

Kawunki,
Nata'ala

*

Landan
12 ga Yuni, 1977

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Mai unguwa da jama'ar zaure, ina yi muku barka da ruwa da kuma gama kwalbati. Muna lafiya.

An yi bikin nan ran Talata, kwamitin mazauna ne ya shirya. An jera tebura a filin ƙasa tun daga wannan bango har wancan, an rataya ƙananan tutoci masu ja da fari da shuɗi. Tun da sati biyu takarda ta faɗo cewa kowane flat ya kawo abin ci. Yara sun sa hulunan takarda. An yi tsere, kowane yaro ya shiga cikin buhu yana tsalle, wanda ya faɗi a yi masa dariya. Tsofaffi sun yi rawa, har mai tabarau ɗin nan mai rubutu. An ɗan yi yayyafi amma ba a watse ba. Ni ma na soya ƙosai na kai. Biki ya yi kyau. In kwamiti yana so ana iya gwada tseren buhu da Sallah.

'Yarka,
Hansai

Zuwa ga Inna,

Inna, ƙosan nan kwana biyu na yi ina shirinsa. Na jiƙa wake na surfe da hannu, na markaɗa a injin Yaya. Ranar Yaya tana kwance, Baban Zailani ya tafi karatu. Na sa atamfata ta Sallah, na goya Zailani na sauka. Tun a lif nake maimaita abin da zan ce da Turanci, na haddace shi sarai. Da na isa na ajiye faranti a ƙarshen tebur, sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Ba wanda ya wulaƙanta ni. Wata mata ma ta yi mini murmushi, ta sa wa Zailani hular takarda ta wuce. Na tsaya a jikin bango tun azahar har la'asar. Ba wanda ya tambayi sunana. Da aka tashi na ɗauki farantina. Ƙosai talatin na kai, ashirin da takwas na dawo da su, biyun ma ni da Zailani muka ci.

Wata goma sha huɗu ke nan, in ban da Yaya da mijinta ba wanda ya ce mini ina kwana. Su ma da gaggawa suke faɗa, suna neman makulli. Da safe in sun fita nakan tsaya a madubin bayi in gaida kaina, in amsa, in tambayi mutanen gida, in amsa, don kada bakina ya manta yadda ake yi. In takardar council ta faɗo da gudu nake zuwa in ɗauka, kamar ni aka rubuto wa.

Da na ce ina jin daɗi ba ƙarya na yi ba duka. Akwai abinci, akwai ruwa, ba mai dukana. Amma na san zaure yana ji, ga shi har an sa wa Talata sunana, sai na ji kunyar in ce wani abu daban.

Inna, ina so in dawo da Babbar Sallah kamar yadda aka yi alkawari. Shekara biyu ta yi wa idon nan yawa. Na yi tsawo, zanen da kika ba ni ya ɗage har ƙwauri, ina so ki gani da kanki, ba a ba ki labari ba. Ina jin nauyin Yaya, ita ma ba ta da kowa a nan, shi ya sa na kasa gaya mata.

Kawu, don Allah don Annabi wannan takarda ta biyu kada ka karanta ta a zaure. Kai da Inna kaɗai.

*

Unguwar Marina, Kafin Tsamiya
9 ga Yuli, 1977

Zuwa ga 'yata Hansai,

Gaisuwa. Muna lafiya, Inna ma lafiya. Hansai, na yi miki laifi, kuma gara ki ji daga bakina.

Na gama takarda ta farko ana ta dariyar tseren buhu. Na juya ta biyu na ga an ce zuwa ga Inna, ga Inna kuwa zaune a bakin ƙofa, sai na ci gaba kamar yadda na saba. Da na kai kan madubi na gane wannan ba ta zaure ba ce. Na tsaya na dubi Mai unguwa, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, abin da aka fara a ƙarasa. Ke kuma roƙonki a layin ƙarshe kika sa shi, yadda aka koya muku a makaranta. Shi ma sai da na karanta shi da ƙarfi kafin in san abin da ya ce.

Shekarata goma sha tara ina karanta wasiƙa a zauren nan, na karanta ta mutuwa, na karanta ta saki, ban taɓa jin ya yi shiru irin na ran nan ba. Ba wanda ya yi dariya, ki yarda da ni. Hambali ya cire hula yana ta juya ta a hannu, can ya ce mu muka jawo, shekara guda muna tambayar yarinya labarin shara, ba wanda ya tambaye ta labarin kanta.

Inna ta miƙe ta laluba bango, ta ciro takardar amincewar nan daga zane ta miƙa wa Mai unguwa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ga takardarku."

Mai unguwa ya karɓe ta. Sannan da bakinsa ya ce yau a ɗaga hannu irin na Ingila, wanda ya ga a dawo da Hansai da Sallah ya ɗaga. Inna ta tambaya daga bakin ƙofa ko hannun mace yana shiga lissafi. Ya ce yau yana shiga. Ban sha wahalar ƙirga ba, don ba hannun da ya rage a ƙasa.

Ba a manta da Karimatu ba. Goggo Hannatu, ƙanwar mahaifin Maharazu, ta gama takaba tun bara tana zaune, ta ce za ta je. Kin san ta, ko bango ta samu sai ta yi masa hira. Mutumin lamba 85 ya shiga uku. Na rubuta wa Maharazu duk wannan cikin ladabi.

Kafin a tashi Mai unguwa ya ce kowa ya gaishe ki da bakinsa, in rubuta yadda ya faɗa. Mutum arba'in da uku ne, har da matan cikin gida, suna cikin takardar da na haɗo. Ga na farkon:

Mai unguwa ya ce, Hansai ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta?

Hambali ya ce, sannu da aiki 'yar nan, ƙosan nan ashirin da takwas a ajiye mini, ni na san darajarsu.

Hadizatu ta ce, 'yar Ingila, ko kin manta da mu?

Inna ta ce, raguwa, kin tashi lafiya? Zo in ga tsawon nan da ake faɗa.

Ki yafe wa kawunki.

Nata'ala

*

Landan
7 ga Agusta, 1977

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan shuka ta yi kyau. Muna lafiya. Ba ka yi mini laifi ba, Kawu, ni ce na sa magana a inda ba wurinta ba.

Da na karanta cewa zaure ya ji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai dai daga hawa na takwas ƙasa ta yi nisa. Na shiga bayi na rufe har Zailani ya gaji da buga ƙofa.

Takardar Baban Zailani rana ɗaya ta zo da tawa. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yaya ce ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wannan ya fi mini faɗa ciwo. A na uku ina wanke-wanke ta shigo ta ɗauki tsumma tana goge kwanuka a gefena. Can ta ce, "Da kin gaya mini, Hansai. Ni ma a makarantar nan daga ni sai tafireta." Muka yi kuka, muka ƙarasa wanke-wanken.

Yaya ta rubuta 'yar takarda ta manna a allon kusa da lif, tana neman mai tafiya Nijeriya a watan Nuwamba da za a haɗa ni da shi. Bayan kwana huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, wata mata ta ce mini, "Sannu 'yammata, ina wuni?" Na tsaya ina kallonta. Sunanta Anti Angelina, nas ce 'yar Jos, ta gama karatu za ta koma gida. Shekararta biyu a hawa na uku. Aikin dare take yi, da rana tana barci. Ashe duk zaman nan da na yi akwai mai jin Hausa a ƙarƙashina, hawa biyar ne kawai tsakaninmu. Za mu taso ran sha biyu ga Nuwamba, mu sauka a Kano.

Takardar gaisuwa na manna ta a jikin madubin. Kullum da safe ina ɗaukar mutum uku, in karanta tasu da irin muryarsu, in amsa. In na kai ƙarshe sai in koma kan Mai unguwa. Ta Baba Hambali ce take ba Zailani dariya.

Kawu, wannan ka karanta ta a zaure, duka, da ƙarfi.

Ranka ya daɗe Mai unguwa, lafiya lau, gajiya ta bi lafiya, baƙunta ta kusa ƙarewa. Baba Hambali, yauwa sannu, waɗancan mun cinye, zan soya maka sabo. Hadizatu, ban manta ba, ko rana ɗaya. Sauran jama'a zan amsa muku baki da baki.

Inna, na tashi lafiya. Ki riƙe mini idon nan. In na zo ba zan yi magana ba sai na matso taku uku, in ga ko za ki gane ni.

'Yarku,
Hansai